Hamburg: Inda na gano abin da ya tsayar da jirgin autana

Kwana goma sha biyu kacal jirgin ya yi yana tafiya lafiya a gidanmu. Ƙanena da ke zaune a Jamus ne ya aiko wa autana shi, ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, kai ɗaya da tarago uku, da guntayen dogo da ake harhaɗawa su yi da'ira. A tsakiyar falo muka shimfiɗa shi kan kafet, cikin watan Janairu, hunturu na kan ganiyarsa. Yaran maƙwabta har layi suke yi a ƙofa don su ga jirgin da ke tafiya babu mai turawa.

A kwana na goma sha uku sai ya fara gardama. Ya ɗan tafi ya yi turus, sai an zungure shi da yatsa ya ƙara gaba kaɗan ya sake tsayawa. Bayan kwana biyu ko zungurar ma ba ta aiki. Ni kuwa na san halin ɗana. Shekararsa goma, amma ya riga ya kwance rediyon babansa, ya kwance tocila biyu, ya taɓa ɓalle bayan agogon bango don ya ga abin da ke ƙara a ciki. Ban tsaya wani bincike ba, na ce shi ya buɗe jirgin ya lalata. Ya ce, "Wallahi Umma ban buɗe shi ba." Na ce ya rufe mini baki, ɓarna da rantsuwa ba za su haɗu a gidana ba. Na tattara komai na mayar cikin kwali, na ɗora a saman sif. Tun daga ranar bai sake ambaton jirgin ba, ni ma na manta.

Bayan wata bakwai matar ƙanen nawa ta haihu, aka ce ni zan je in kula da mai jego tunda mahaifiyarta ba ta da ƙarfin tafiya. Lokacin dogon hutu ne, sai kawunsa ya nace a taho da Auta. Haka Allah Ya kai mu Hamburg, babban birnin tashar jiragen ruwa da ke arewacin Jamus, a bakin kogin Elbe.

Unguwar sito-sito

Mako uku na yi ban san komai a garin ba sai hanyar kicin da ta kantin unguwa. Ranar wata Asabar ƙanena ya ce, "Yaya, yau kam sai kin fita. Akwai inda nake so ki gani ke da Auta." Tun kwanaki kafin nan ya saya mana tikiti ta intanet, domin wurin yana cika sosai, kuma kowane tikiti da lokacin shigarsa.

Unguwar da ya kai mu sunanta Speicherstadt, ma'ana garin sito-sito. Dogayen gine-gine ne na jan bulo, a jere a bakin magudanan ruwa, ga gadoji na ƙarfe nan da can. An fara gina su a 1883, a kan turakun itace da aka kafa cikin laka. Nan fatake suke ajiye gahawa da shayi da koko da kayan yaji da dardumomi idan jiragen ruwa sun sauke su. A 2015 hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. A cikin ɗaya daga waɗannan tsofaffin sito-sito ne Miniatur Wunderland yake, wurin da ya fi ko'ina girma a duniya wajen shimfiɗa ƙananan jiragen ƙasa.

Wasu tagwaye ne, Frederik da Gerrit Braun, suka kafa shi tare da abokinsu Stephan Hertz. A shekarar 2000 Frederik ya shiga wani kantin ƙananan jirage a birnin Zurich, ya tuna wasansu na ƙuruciya, ya kira ɗan'uwansa a waya ya ce su gina wanda ya fi na kowa. A watan Agustan 2001 suka buɗe ƙofa. Yanzu sama da mutum miliyan ɗaya ke ziyartar wurin a shekara.

Ni dai da na ji an ce kayan wasa, na ɗauka za mu leƙa ne mu fito. Sa'a biyar muka yi a ciki.

Duniya a kan teburi

An ƙanƙantar da komai sau 87. Mutum bai wuce santimita 2 ba, wato bai kai gaɓar ƙaramin yatsa ba, kuma irin waɗannan 'yan mutanen sun haura 250,000, wasu na shanya, wasu na kallon ƙwallo, wasu na faɗa a bakin titi. Tsakanin ƙarfen dogo da ɗan'uwansa milimita 16.5 ne. Amma idan aka miƙe dogon gaba ɗaya ya wuce kilomita 16, kuma jiragen da ke binsa sun fi 1,000. Ƙanena ya buga lissafi a wayarsa ya nuna mini: da za a mayar da wannan dogon girmansa na gaskiya, ya zarce nisan dogon da ya taso daga Legas zuwa Kano.

Ɗaki-ɗaki aka raba ƙasashen. Ga Jamus da Ostiriya, ga Amurka da fitilun Las Vegas, ga ƙasashen arewacin Turai inda jiragen ruwa ke yawo a kan ruwa na gaske, kimanin lita 30,000. Duwatsun Suwizalan sun yi tsawon da sai da aka fasa rufin bene suka ratsa zuwa hawa na sama. A can akwai ɗan kamfanin cakulan da yaro zai danna maɓalli ya miƙo masa cakulan na gaske. Sai kuma ka bi wata gada da ta ƙetare ruwa zuwa wani ginin, ka tarar da Rio de Janeiro ta Birazil.

Duk minti 15 dare yana yi. Fitilun ɗaki su yi ja kamar almuru, su dushe, sai dubban tagogi su kama haske a cikin 'yan gidajen. Bayan ɗan lokaci gari ya sake wayewa. Karon farko da hakan ta faru sai da na ce, "Ikon Allah!" da ƙarfi, wata tsohuwa Bajamushiya ta juyo ta yi mini murmushi.

Sai dai duk wannan ba shi ne ya riƙe hankalina ba. Uwa ce ni, na san abin da ake nufi da a ce abu ya yi ta aiki daga safe har dare, kullum, ba fashi. Ina tsaye ina kallon jirage suna wucewa ta gabana, wannan ya fito daga rami, wancan ya tsaya a tasha ya jira, babu mai karo da wani, sai na tuna namu da ke saman sif. Na ce da ƙanena, "Wai su nasu ba ya lalacewa ne? Namu ko sati biyu bai yi ba yaron nan ya kashe shi."

Auta yana gefena. Bai ce komai ba, ya dai sunkuyar da kai.

Abin da ke ƙarƙashin teburin

Ƙanena injiniya ne. Ya tambaye ni yadda jirgin ya yi kafin ya mutu, na kwatanta masa. Ya tambayi inda muka shimfiɗa shi da watan da abin ya faru. Da na ce kan kafet, cikin hunturu, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, zo ki ga wani abu."

Ya ja ni bakin gilashi ya nuna mini ƙarafan dogon. Ya ce irin wannan jirgin ba shi da batir. Wutar tana bi ta cikin dogon ne, ƙafafun jirgin su ɗauke ta su kai wa injin. Inda ƙafa take taɓa dogo kuwa bai fi kan allura ba. Idan ƙura ta kwanta a nan, ko ɗan maiƙo ya haɗu da ƙura ya zama baƙin datti, wuta ta yanke ke nan, jirgi ya tsaya cak alhali lafiyarsa ƙalau. Jirgin gaske nauyinsa ya isa ya murƙushe ƙura. Wannan kuwa bai fi sabulun wanka nauyi ba, ƙwayar yashi ɗaya a wurinsa dutse ce.

Saboda haka babban abokin gabar wannan gida ƙura ce. Mutum dubbai suna shigowa kullum da rigunansu da takalmansu, kowa yana kaɗe tasa ba tare da ya sani ba. Akwai taragu na musamman da ke bin dogon suna goge shi, akwai kuma ma'aikatan da ke bin gidaje da bishiyoyi da ɗan buroshi da na'urar zuƙe ƙura. Aikin ba shi da ranar gamawa. Kafin a kai ƙarshen ɗaki, farkonsa ya sake yin ƙura.

Na tsaya ina jin bayanin nan, jikina ya yi sanyi. Ƙurar Hamburg ke nan, garin da ruwan sama ba ya yankewa. Ina ga tamu ta Janairu, wadda za ki goge tebur da safe, kafin azahar ki rubuta sunanki a kai?

Bai tsaya nan ba. Ya nuna mini wani wuri a fili, ba a ɓoye shi ba, inda ma'aikata ke zaune gaban allunan kwamfuta da yawa. Daga nan ake lura da jiragen. An yanka dogon gida-gida, kuma doka ita ce jirgi ɗaya tak ke shiga gida ɗaya. Kwamfuta ta san gidan da ke da jirgi da wanda babu, ba za ta buɗe wa na baya hanya ba sai na gaba ya fita. Haka ake yi a dogon gaske ma. Idan wani ya maƙale a cikin rami inda ido ba ya kaiwa, allo zai nuna, na bayansa su dakata, mutum ya tashi ya je ya duba. Masu wurin ba su taɓa cewa jiragensu ba sa tsayawa ba. Inda abu dubu ke motsi, dole wani ya yi tuntuɓe. Abin da suka yi shi ne shirya yadda za a gane da wuri, kafin tuntuɓen ɗaya ya zama na goma.

Sai kuma abin da ya fi burge ni. A ƙarƙashin duwatsun da garuruwan akwai ɓoyayyun tashoshi da baƙo ba ya gani. Jirgi idan ya yi zagayensa sai ya shige can ya tsaya, wani ya fito a madadinsa. Mai kallo yana ganin kamar jirage ba sa hutawa, alhali da yawansu suna ƙasa suna jiran layi. Ɗan injin da ke cikinsu an yi shi ne don wasan sa'a ɗaya ko biyu a gida. A nan kuwa kullum yana bakin aiki, don haka ƙafafu na cinyewa, injina na gajiya, akwai kuma masu gyara da aikinsu ke nan, su kwance, su wanke, su ɗiga mai, su sauya abin da ya ci.

Haka motocin garin Knuffingen suke, wani gari da masu wurin suka ƙirƙira. Kowace mota tana da ɗan maganaɗisu a gabanta da ke bin wata waya da aka binne ƙarƙashin titi. Tana tsayawa a danja, tana kunna sigina, idan batirinta ya yi ƙasa ta kama hanyar wurin caji da kanta. Filin jirgin saman garin kuwa, inda jirage ke tashi su ɓace a bayan bango, kusan shekara shida aka yi ana fama da shi kafin a buɗe shi a 2011. Tseren motocin Monaco ma shekaru ya ci kafin a nuna wa jama'a a 2024. A sa abu ya motsa sau ɗaya ba wuya ba ne. A sa ya maimaita sau dubu ba tare da an taɓa shi ba, nan gizo ke saƙa.

A kan benci

Da muka gaji muka sami benci muka zauna. Ƙanena ya tafi nemo mana ruwa, da gangan nake zato. Na dubi Auta. Yana ta kallon wani ma'aikaci da ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin teburi da tocila a hannu.

Na ce, "Auta, da gaske ba ka buɗe jirgin nan ba?"

Ya ce, "Ai na gaya miki, Umma."

Wata bakwai yaron nan yana ɗauke da laifin da bai yi ba. Ya rantse, na ƙaryata shi a gaban yayyensa. Mu iyaye mun iya cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, amma ranar ni ce ban hango ba, kuma abin yana kwance a kan dogo a tsakiyar falona. Ba a saba uwa ta ba ɗa haƙuri ba a yadda muka taso. Bakina ya yi nauyi, amma na daure na ce, "Ka yi haƙuri, na zalunce ka. Ƙura ce."

Ya yi shiru, can ya ce, "To idan mun koma za ki sauko mini da shi?"

Bayan mun dawo

Washegarin saukarmu, tun ban gama kwance jaka ba, ya ɗauko kujera ya tsaya a gaban sif. Muka bi abin da kawunsa ya rubuta mana a takarda. Muka tabbatar ba a haɗe yake da wuta ba. Muka sami farin tsumma marar gashi, muka ɗiga masa sifirit kaɗan, muka bi saman dogon. Tsumman ya fito da baƙin layi biyu kamar an ja kwalli. Muka goge ƙafafun kan jirgin da auduga, Auta ya sa ɗan hantsaki ya zaro zaren kafet da gashi da suka nannaɗe a gindin ƙafafun. Aka haɗa wuta. Jirgin ya yi ɗan tari, ya tashi, ya zagaya.

Ihun da yaron nan ya yi, har maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Kada ku ɗauka shi ke nan. Bayan kwana uku ya sake tsayawa, kullum a wuri ɗaya, can nesa da inda wayar wuta take shiga. Wannan karon ban ce komai ba, na zuba ido. Auta ya kwanta rub da ciki yana bin dogon gaɓa-gaɓa, har ya gano wata mahaɗa da ta saki, wuta ba ta ƙetarewa sosai. Ya matse ta da filaya a hankali. Daga baya taragon ƙarshe ya riƙa sauka daga dogo a kwana, ashe kafet ne ke lotsawa idan an taka kusa. Sai muka kai wa kafintan unguwa awo, ya yanko mana falanki, aka kafe dogon a kai da ƙananan ƙusoshi. Na ba da wani tsohon zanena ya zama murfi. Dokar gidan yanzu ita ce, an gama wasa a cire wuta daga bango, a rufe. Ba a goge dogon da takardar yashi, domin karcewar da take bari nan datti ke maƙalewa, ba a kuma shafa masa mai. Ƙananan sassan kuwa suna cikin gwangwani mai murfi, saboda jikata mai rarrafe ba ta raina abin sa wa a baki.

Yana da ɗan littafi yanzu da yake rubutawa: ranar da jirgi ya tsaya, inda ya tsaya, abin da ya jawo. Babu wanda ya sa shi. Da hunturun bana ya shigo, kullum kafin ya kunna sai ya goge. Mafi daɗewar da jirgin ya yi bai tsaya ba kwana 23 ne, kuma ya ja layi biyu a ƙarƙashin lambar.

Ni ma akwai abin da ya sauya a wurina. A Hamburg na ga mutane suna biyan kuɗi su kalli duwatsu da fitilu, amma abin da ke riƙe da wurin shi ne mai buroshi da mai tocila a ƙarƙashin teburi, kuma masu wurin ba su ji kunyar nuna su ba. Na tuna gidajenmu. Yara su tashi su tarar da kayan makaranta a goge, abinci a kan lokaci, tulu cike da ruwa, babu mai tambayar yadda aka yi sai ranar da abu ɗaya ya tsaya. Ranar kuma sai a nemi wanda za a ɗora wa laifi, yadda na nemi ɗana. Yanzu idan wani abu ya ƙi aiki a gidana, ko fanka ce ko keken ɗinki ko yaro da karatunsa, tambayar da nake fara yi ita ce, ina ƙurar take?

Wadda Allah Ya kai ta Hamburg, ta nemi tikiti tun da wuri, ta sa takalmi marar tsini, ta ware aƙalla rabin yini. Idan kin je, bayan kin gama kallon duwatsun, ki ɗan tsaya gaban masu allunan kwamfuta, ki bar yaranki su ga masu gyara suna aiki. Wadda kuma take da yaro mai kwance rediyo, ta saya masa ƙaramin sukundireba nasa na kansa, ta ba shi abin da ya riga ya mutu ya koya a kai.

Jiya da daddare na wuce ta falo na ga zanen a rufe kan falankin, an nannaɗe gefensa tsaf yadda ko iska ba za ta shiga ba. Littafin yana kai, ya rubuta kwana 9.